Masinja da Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Shekara talatin da biyu Masinja ya yi yana raba wasiƙu da ƙafa, bai taɓa cewa wash ba. Da ya yi ritaya sunan aikin ya biyo shi gida, har jikokinsa Masinja suke ce masa. Sai zama ya fara cinsa, tumbi ya fito, jini ya hau. Likita ya ce ya riƙa tafiyar minti arba'in kowace safiya. Masinja ya yi dariya har da tari. Wai shi za a koya wa tafiya!

Ya koma tsohuwar hanyarsa, ba jaka ba wasiƙa. Daga ƙofar gida zuwa famfo, daga famfo zuwa gidan burodi, sannan ya shiga lungun bayan makaranta, inda Mai Agogo yake kwana shi kaɗai a ƙuryar shagonsa. Tsoho ne, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, kunnensa ya yi nauyi har ya daina ɗaukar waya. Masinja kan buga tagar ƙarfen sau uku da ƙarfi, sai ta buɗe.

"Ka makara da minti biyu," in ji Mai Agogo.

"Agogonka ne ya tsufa, kamar mai shi."

Iyakar hirar ke nan, shekara huɗu cur. Sau ɗaya kawai Mai Agogo ya riƙo hannunsa ta taga ya ce, "Ranar da ka buga ban buɗe ba, ka sa a ɓalle ƙofar. Kai kaɗai ke zuwa." Masinja ya ce masa ya bar mugun fata, amma ya amsa da to.

Sai gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ciwon ya soma a ta dama, ya gangara ƙwauri. Ya shafa man zafi, ya ɗaure da bandeji, ya ɓoye wa Auta, 'yarsa da ke zaune tare da shi. Ranar da aka kira ta ta same shi zaune a gindin famfo ya kasa miƙewa, ba ta tsaya jin ta bakinsa ba sai asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce guringuntsi ya cinye. Zuciya tana son motsi, gwiwa kuwa ba za ta ƙara jure dukan ƙasa ba. Ya ce ya zaɓa, ko iyo ko keken motsa jiki.

"Iyo? Da furfurata zan tuɓe a gaban yara?"

Haka keke ya shigo falo, Auta ta kafa shi tsakanin firji da bango. Masinja ya tsane shi tun ranar farko. Ɗan allon da ke nuna minti ko kallo bai ishe shi ba. Ido yake rufewa ya bi hanyarsa a zuci: ga famfo, ga ƙamshin burodi, ga lungu. In ya iso taga sai ya buga kan keken sau uku. Kuma a faɗi gaskiya, keken ya yi aikinsa. Jini ya sauka, gwiwa ta lafa.

Ya roƙi Auta ta riƙa biyawa tana buga tagar. Ta je sau biyu. Lungun ba kan hanyar aikinta yake ba, daga nan sai dai ta ce, "Lafiyarsa lau, Baba." Ya san ba ta je ba, bai matsa ba. Shi ma da ya so da ya je, ga tasi, ga sandar da likita ya ba shi jingine a bayan ƙofa. Amma Masinja da sanda? Mai Agogo ya leƙo ya gan shi yana dogarawa? Ai ya samu abin tsokana har ƙarshen rayuwa. Ya ce bari dai sai mako mai zuwa, in ƙafa ta ƙara ƙwari. Mako ya zama wata biyu.

Mai gidan burodi ne ya kawo labarin, yana tsaye a bakin ƙofa ya ƙi zama. An ɓalle ƙofar shagon da safen nan. Likitan da ya duba ya ce Mai Agogo ya kai kwana uku da rasuwa. Agogunan da yake murɗawa kowace safiya duk sun tsaya, an kuma same shi a ƙasa, dab da taga.

Masinja bai yi kuka ba. Ya ɗauki sandar ya bi gawa, yana dogarawa a gaban kowa, kuma ba wanda ya ko kalli sandar. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Har yau yana hawa keken, don Auta ba ta wasa da maganar likita. Yakan rufe ido ya wuce famfo, ya wuce gidan burodi. Da ya iso bakin lungu sai ƙafafunsa su tsaya cak, ya zauna riƙe da kan keken yana kallon bango.

"Baba, saura minti goma sha biyu fa," Auta kan ce daga kicin.

"Na sani, Auta," yakan ce. "Ai na riga na makara."