Sunan da Na Je Karɓowa a Virginia

Katsina zuwa Washington

Ana kiran assalatu motarmu ta bar Katsina. Autata Zainab ce ta haihu a Amurka, 'ya mace, kuma aiki aka yi mata, ga shi ba ta da uwa ko gwaggo a kusa. Wankan jego ne ya ɗaga ni, ni da ko Legas ban taɓa marmarin zuwa ba. Bizar ta daɗe a hannuna, tun kafin a tsaurara wa mutanenmu. Akwatina biyu, amma tufafi rabin ɗaya kawai suka ci. Sauran kanwa ce da yajin jego da daddawa da kilishi da busasshen ganyen darbejiya.

Bayan mun wuce shingen sojoji na Funtuwa, direba ya ji inda za ni. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ƙasar da ake koro mutane za ki?" Na ce masa ni baƙuwa ce, in yi abin da ya kai ni in dawo, ya dubi hanyarsa. Da la'asar muka shiga Abuja, jirgi ya kwana da mu a sama, muka sauya wani a Turai, inda aka sayar mini da shayin da ko kyauta ba zan ba baƙo ba.

A filin jirgin Washington aka ware ni zuwa wani ɗaki. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, saboda haka ba a nemo mini tafinta ba. Jami'in ya tambaye ni ko biyana za a yi in na yi rainon jaririyar, don wai in haka ne aiki na zo yi. Na ce masa a ƙasarmu ba a biyan uwa. Ya buga mini hatimi, amma kilishi da ganyen darbejiya can suka tsaya. Kanwa kuwa mutum uku suka taru a kanta suna shinshinawa kafin su yarda ba ƙwaya ba ce.

Gaithersburg

Surukina Lawali ne ya zo tarbata. Mutumin Maraɗi ne, ɗan jarida, ya yi shekaru yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Muryarsa ta riga shi shiga gidana tun kafin ya ga Zainab. A tsakiyar Turawa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, kansa a sunkuye. Tun aurensu magana ba ta taɓa wuce gaisuwa tsakanina da shi ba, kuma haka ya kamata.

Gidansu a Gaithersburg ɗaki ɗaya ne da falo, a hawa na uku. Na tarar da Zainab ta rame, jaririya kuwa tubarkalla, ja jawur da gashi cike da kai. Ina jin ɗuminta a hannuna gajiyar hanya ta sake ni. Na tambayi sunan da aka yi mata huɗuba da shi. Zainab ta ce ita ma ba ta sani ba. Uban ya raɗa mata a kunne tun a asibiti, ma'aikata sun yi ta matsa masa ya ba su suna su rubuta, ya ce su yi haƙuri sai ranar suna.

Sai na hangi jakarsa a bakin ƙofa. Ashe ya shirya zai koma wurin wasu abokansa gwagware a benen da ke bayansu, har in gama kwanakina. Zainab ta matso ta ce a hankali, "Mama, ki ce masa ya zauna. Nan ba gida ba ne, kujerar falo ta ishe shi." Ban ce masa ya zauna ba. Ina zan haɗa banɗaki ɗaya da suruki? A raina ma yaba masa na yi, na ce yaro ya samu tarbiyya. Ya ɗauki jakarsa ya yi mana sai da safe.

A wajen gasa mata jiki ne Zainab ta ba ni labarin halin da suke ciki. Gwamnati ta ce kuɗin da ake kashewa wajen yi wa mutanen wasu ƙasashe magana ta rediyo asara ce, aka sallami ma'aikata da yawa, har da Lawali. Izinin zamansa kuwa da aikin yake haɗe. Ya nemi sabo, amma tun da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasarsa da Amurka, takardun mutanen Nijar suka daina motsi. Ita dai tana da izinin ɗalibai, tana karatun haɗa magunguna, sai dai in ta fita ƙasar babu tabbas za ta sake shiga.

Kwana biyu yana zuwa da safe da burodi da naman kaza, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ɗauki 'yarsa in na shiga kicin. A rana ta uku hantsi ya yi bai zo ba. Wata maƙwabciya 'yar Gana ce ta ƙwanƙwasa ta gaya mana. Jami'an shige da fice sun je benen da sassafe neman wani mutum da ya daɗe da tashi daga nan. Da ba su same shi ba, sai suka tambayi duk wanda ke ɗakin takardunsa, suka tafi da mutum uku, har da Lawali. Zainab ba ta ce mini komai a kan maganar kujerar falo ba, har yau. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Upper Marlboro

Dakta Kabiru, likita ɗan Zariya wanda shi ne kamar uban Hausawan yankin, ya zo ya kwashe mu zuwa gidansa a Upper Marlboro. Hanya ta bi da mu ta cikin Washington. A kudu maso yammacin birnin, inda manyan ofisoshin gwamnati suke, ya nuna mini ginin da Lawali ya yi aiki, tagogi da yawa a rufe. Gaba kaɗan mutane ne riƙe da kwalaye, wasu na cewa a daina raba iyali, wasu a tsallaken titi na cewa a ƙara ƙaimi, 'yan sanda a tsakiya.

Gidan Dakta babba ne, matarsa ta ba mu ɗakin ƙasa, ta kuma nemo mini babbar tukunya don ruwan wanka. Da yamma maza kan taru a falo, mu muna jiyo su daga ciki. Wani ya ce ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta, ko mu a gida muna korar baƙi in ta ɓaci. Wani ya ce to me ya haɗa ɗan jarida da faɗan sojojin Yamai da gwamnatin Washington? Dakta kansa ya amsa cewa da farko ya goyi bayan tsanantawar, don ya zaci masu laifi kaɗai za a taɓa. Ni dai abin da na lura, duk mai ɗaga murya a falon nan takardarsa ta zama ɗan ƙasa tana aljihu. Marasa ita ba su ma zo ba, ta waya suke jaje, su ma a taƙaice.

Lauyar da aka ɗaukar masa ta yi ta nemansa, ana ce mata yau yana nan, gobe an mai da shi can. Har ranar suna ta zo ba mu ji muryarsa ba. Limamin da aka gayyato ya ce babu laifi a zaɓa wa yarinya wani suna a yanka rago, in kuma ana so a jinkirta zuwa mako na biyu, shi ma ya halatta. Maza suka fi karkata ga a yi a gama, asibiti ma na jira. Zainab ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta tsaya a bakin falo.

"Yarinyar nan tana da suna," in ji ta. "Ubanta ya gaya mata. Ba zan ɗora mata wani a kai ba kamar ya mutu."

Aka ɗaga suna, kowa ya ci abincin da aka riga aka dafa ya tafi.

Daga baya lauya ta gano shi a wani gidan tsare mutane a wani ƙauye na jihar Virginia, ta gan shi, ta kuma tambaye shi sunan kamar yadda muka roƙe ta. Ya ce mata ba abin da za a ba baƙo ya kawo ba ne, a turo masa wani na gida. Zainab ɗinkinta bai warke ba, kuma lauya ta hana ta kusantar wurin. Dakta ya ce ni ma in yi tunani, biza ta baƙunta ba ta da wuyar sokewa. Na ce su soke, Katsina ba ta kore ni ba.

Virginia

Bayan sallar asuba muka kama hanya ni da Dakta, muka yi kudu. Gari ya ƙare, aka shiga gonaki da dazuzzuka, har rana ta ɗaga sosai kafin mu isa. Wurin dogon gini ne marar tagogi, kewaye da waya. A bakin ƙofa wata tsohuwar Baturiya ta kafa tebur tana ba masu ziyara ruwa da biskit, ta ce duk mako take zuwa. Na karɓa na gode mata. A ciki aka karɓe jakata da wayata, mace ta laluba ni har cikin ɗankwali.

Gilashi ne tsakaninmu, da kan tarho a kowane gefe. Aka fito da shi cikin kayan gidan, ba hula, gemu ya fito masa barkatai. Yana ganina ya yi niyyar durƙusawa, mai gadi ya daka masa tsawa, ya zauna. Ban taɓa kallon fuskar yaron nan sosai ba sai ranar. Ashe yana da ɗan tabo a gira.

"Hajiya, kun zo lahiya? Ina mai jiki? Ina ɗiyar?"

Na ce duk lafiya, yarinya tana shan nono, cibiya ta faɗi. Ya ce in yafe masa, na zo baƙunta ya jawo mini shiga gidan kaso. Na ce ya bar wannan, ni ce ya kamata in ce ya zauna a gidansa ban ce ba. Ya girgiza kai ya ce ko na ce ba zai zauna ba. Ya gaya mini alƙali ba zai ba da shi beli ba, kuma ya gaji, zai sa hannu a mai da shi gida. Mai gadi ya nuna agogo.

Na ce, "Suna na zo karɓa, Lawali. An ɗaga rago ana jiranka."

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ba ni iya faɗinsa gabanki. Naki ne."

Ashe shi ya sa ya ɓoye, so yake in ji shi daga bakin liman a cikin taro. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya raya Rabi'atu. Da kaina na faɗi sunan, tun da shi ba zai iya ba. A mota na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifin Zainab.

An raɗa suna a falon Dakta, mutane ba su cika tabarma biyu ba. Ragon a wata gona aka yanka aka kawo naman a kwali. Uwar ba ta iya kiran sunan, sai ta sa mata Ummi. Ba a yi arba'in ba aka sa Lawali a jirgi zuwa Yamai, ba tare da an bari ya ga kowa ba. Zainab ta yanke shawarar ta ƙarasa shekarar da ta rage mata, sannan ta biyo shi da yarinyar. Na zauna har Ummi ta fara murmushi, izinina ya kusa cika, na haɗa kayana.

Katsina

Na iso gida ana sallar magariba, ƙafafuna a kumbure. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Dakta Kabiru da iyalinsa, da maƙwabciyar nan 'yar Gana, da tsohuwar da ban san sunanta ba mai ruwa da biskit, Allah ya saka musu, ya fitar da waɗanda muka baro a bayan waya.

Ban cika mako ba aka ce ina da baƙo daga Maraɗi. Lawali ne, ya biyo ta Jibiya, yana zaure ya ƙi shigowa. Na aika a ce masa in bai shigo ba ni zan fito. Ya shigo ya zauna a gefen tabarma a tsakar gida, muka gaisa. Ya ce kullum yana ganin yarinyar a waya, ya san ta yi kumatu, ya san kukanta. Ya murza hularsa.

"Hajiya, ke kika ɗauke ta ƙarshe. Ta yi nauyi?"

Na buɗe baki in ce ta yi, sai na ga wannan ba amsa ba ce. Na tashi na shiga ɗakin ajiya, na auno gero tiya biyu, na ɗaga na ji, na ƙara tafi ɗaya. Na ƙulle shi a zanen goyo na kawo na ɗora masa a hannu.

"Haka take ranar da na baro ta."

Ya karɓa da hannu biyu, ya gyara shi a kafaɗarsa, tafinsa a bayan ƙullin. Na shiga ɗaki na ja ƙofa, don kada ya ji kunyata.