Ƙyallen Hajiya a Bargona

Ni dai ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani tun daga layin teloli har bakin gada. Amma rashin haƙuri daban, mugunta daban, kuma shekarar da ɗiyata ta ɗauki cikin fari anka so a haɗa mini su wuri guda.

Shinkafa da wake nake saidawa a kasuwar Malanville, bayan rumfunan teloli. Daga hayin kogi na zo, ta wajen Gaya, bayan rasuwar maigidana, na kama ɗaki a gidan wata Hajiya da mijinta ke fataucin albasa. Ɗiyata guda ce tal, tana aure a ƙauyen Garou, nan kusa. Da ta aiko mini cewa ta samu ciki, na ƙirga watanni da yatsu, na ga haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari, kuma a ɗakina za ta haihu tunda ta fari ce. Wanda bai zamna kusa da kogin nan cikin ɗari ba bai san sanyi ba. Bargon kanti kuwa, irin wanda ake kawowa cikin leda, wanki biyu ya zama tsumma. Na ce wallahi jikana ba zai kwanta a kan wannan ba, da hannuna zan ɗinka mishi nashi.

Innata ce ta koya mini haɗa ƙyallaye tun ina yarinya. Sai na bi teloli rumfa-rumfa, na ce duk abin da almakashi ya zubar kada su share, su tara mini. Sunka yi ta yi mini dariya, wani ya ce, "Iya mai shinkafa, da ƙyalle za a riƙa miya yanzu?" Na ce, "Kai dai tara, gulmamme." Kullum in na tashi kasuwa da ƙunshina a ka bisa tukunya.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Sai na wanke su, na shanya, na goge da dutsen guga na gawayi. Na yanki kwalin sukari faɗin tafin hannuna, shi ne ma'aunina, kowane ƙyalle a kanshi nake yankawa. Wanda bai kai ba in haɗa shi da ɗan'uwanshi. Leshi ba na ɗauka, ƙarya ce, ba ya tare iska. Shadda kuwa tana da kyau amma tana cin yatsa, sai na naɗe ɗan yatsana da tsumma kafin allura ta wuce. Mai duhu kusa da mai haske, goma sha biyu a layi guda, in na gama layi in ajiye in tada wani. Bayan la'asar nake zama ƙofar ɗakina ina yi har a kira magariba. Wata biyar na yi a haka, sannan na shimfiɗa tsohon gwado a tsakiya, na rufe bayan da farin yadi, na bi da zare mai kauri. Ranar da na ɗaga shi na duba, ni kaina sai da na ce tubarkalla.

Kuskurena guda ne, kuma ban ɓoye shi ba. Teloli na roƙa, ban roƙi masu tufafin ba. Na san ana cewa da ƙyallen tufar mutum ake yi mishi sammu, wa bai taɓa ji ba? Amma ko sau ɗaya zancen bai zo mini a rai ba, ni hankalina na kan ɗari da jariri.

Hajiya kuwa tun ƙaramar salla ƙafarta ke kumbure. An sha magani an gaji, har wani ya gaya mata wai sammu ne, kuma hannun da ya yi shi na kusa da ita. Ran nan na baza bargon bisa igiyar shanya a tsakar gida don ya sha iska. Ta fito tana dogara sanda, ta tsaya, ta ƙura mishi ido. Akwai wata atamfa koriya mai zanen kifi da mijinta ya kawo mata daga Kwatano, duk unguwar ita kaɗai ke da irinta. Ga ta nan wuri huɗu a bargona. Sai na ji salati.

"Ke! Ina kika samu wanga?"

"Sharar tela ce, Hajiya."

"Tufata ce shara?"

"Abin da almakashi ya yar ai ya bar tufarki, Hajiya."

Ta ce dama an gaya mata, ashe a gidanta take kiwon macijin. Kafin azahar zance ya kai kasuwa, kafin la'asar an kira ni gaban mai unguwa, da bargon naɗe a hammatata.

Mai unguwa dattijo ne, ba ya son hayaniya. Ya yi magana da dangin Hajiya da yaren Dandi, sannan ya juyo gare ni da Hausa. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ban ce kin yi komi ba. Amma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. A ƙone abin nan a gaban kowa, hankalin mutane ya kwanta."

Haushi ya kama ni, ba tsoro ba. In na yarda anka ƙone shi, to na amsa kenan cewa akwai abu a ciki, kuma wannan sunan zai bi ni, ya bi ɗiyata har ɗakin mijinta. Na ce, "Allah shi ba ka nasara, in wuta ce maganin ƙafar Hajiya, a kawo ashana, amma a fara da layin teloli, can ƙyallayen garin nan duka suke." Wani ya tuntsire da dariya, anka harare shi. Na ce, "Ni ba ni da kaza a aljihu, ku yi ta as ɗinku. Duk wadda ta ga ƙyallenta ta zo ta karɓa, zan farke in ba ta. Amma zaren nawa ne, idon da ya ƙare a kai nawa ne, bargon nan ba mai sa mishi wuta ina numfashi."

Mai unguwa ya ce to, a yi haka.

Washegari ban je kasuwa ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida da rana tsaka, na ɗauko reza. Na farke na Hajiya guda huɗu, ɗinki ɗaya-ɗaya don kada in yanki na kusa, na jera su a faranti na kai mata har ƙofar ɗaki. Na zaci shi kenan. Ina! Sai ga mata suna shigowa biyu-biyu, suna sallama ƙasa-ƙasa, kowace ta sunkuya tana neman nata. Har da wadda na yi wa jinyar ɗa kwana uku. Har da wata da ta nuna atamfar anko wadda rabin kasuwa ke ɗaurawa, ta ce tata ce. Na ce, "Ta gaishe ki ne kika gane ta?" Amma na farke na ba ta. Kafin rana ta faɗi an cire goma sha tara, in na ɗaga bargon ina hango katanga ta cikinshi kamar rariya. Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kam ban ba su ba.

Teloli sunka daina tara mini. Ban ga laifinsu ba, su ma an ja musu kunne, kowa sai ya ƙulle wa mai ɗinki ragowarta a leda. Shinkafata ma rabin tukunya ke komowa gida. Ga haihuwa saura wata guda. Sai na buɗe akwati na ɗauko zanena mai kyau, wanda nake zuwa salla da biki da shi, na zamna inda kowa zai gan ni, na sa almakashi. Na ɗaga murya na ce, "In ƙyalle na kama mai shi, to ga nawa nan goma sha tara, ya kama ni." Kwana goma na cike gurbin duka.

Hajiya ta ƙone ƙyallayenta huɗu, ƙafar ba ta sauka ba sai da anka kai ta likita ta zamna kan magani. Ba wanda ya zo ya ce mini ki yi haƙuri, ni ma ban jira ba.

Ɗiyata ta iso da tsohon cikinta, ba ta yi mako ba ta haifi mace lafiya lau. Na ɗauko bargon na shimfiɗa musu. Ta ce, "Kai, Inna, ya yi kyau," amma na lura a zane take naɗe jaririyar, bargon yana gefe. Na ce a raina ko tana tsoron fitsari ya ɓata shi ne.

Kwana uku da haihuwa, da safe, na gama tafasa mata ruwan wankan jego, na shigo in tashe ta. Na same ta durƙushe bisa bargon, ta ba ƙofa baya, tana bin shi da yatsu layi-layi, tana matsa kowane ƙyalle. Laya take nema. Ashe zancen ya riga ya kai har Garou, dangin mijinta sun zuba mata shi a kunne, ta taho da shi ba ta gaya mini ba.

Na tsaya har ta ji ni ta juyo. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Inna..."

Na ce, "Ci gaba. Kusurwar can ba ki taɓa ta ba."

Ta fashe da kuka, ta ɗauki jaririyar ta kwantar da ita a tsakiyar bargon, ta ja gefe ta rufe ta. A kanshi yarinyar ta yi arba'in, da shi sunka koma Garou. Hajiya da matan unguwa na yi faɗa da su na huce, yau muna gaisawa. Amma yatsun ɗiyata bisa ɗinkina, wallahi har yau ban huce ba.