Malam Abdulhamid Akanta da Ciwon Kawunsa na Faru

Jama'a, a gyara zama, a kori awaki daga zaure. Yau tarihin Malam Abdulhamid Akanta za a kawo muku, sarkin biro na Talata Mafara da kewaye, mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba a taɓa jin ya yi dariya sau biyu a wuni ɗaya ba.

Asalinsa mutumin Dakko ne, can ƙasar Bakura. Ubansa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa ya riƙe alli. Daga makaranta ya shiga baitulmali yana ƙaramin malami, ya yi ta zana jarrabawa har ya sami takardar shaidar akanta, ya sa ta a gilashi ya rataye a ɗaki inda ba mai ganinta sai matarsa Taibatu da ƙadangaru.

Da aka fara aikin dam na Bakolori gari ya cika da tifofi da leburori da Turawa masu gajeren wando. Wani kamfani mai jigilar tsakuwa ya ɗauki Malam aiki. Sai dai aikin ya zo da sharaɗi. Duk shekara, bayan an cire amfanin gona, dole akanta ya tafi Sakkwato kwas, a koya masa sababbin dokokin haraji da sabon salon aiki da yadda ake danna injin lissafi. Wanda bai amsa sunansa ranar buɗewa ba, an cire shi ke nan, sa hannunsa ya daina aiki. Ga kuma Falalu, wani saurayin akanta mai wando buje, yana zaune a teburin gefe yana auna kujerar Malam da ido.

Shi Malam abin bai dame shi ba, har daɗi yake masa. Taibatu ce ba ta ji da kyau ba. A ganinta, da ma ganin unguwa duka, ba a mayar da mutum aji sai in ya faɗi. Magidanci da furfura a gemu ya koma kan benci? Ai sai a ce an kama shi bai iya aikinsa ba. Saboda haka shekarar farko da maƙwabta suka tambayi ina Malam, sai ta ce ya tafi Faru ta ƙasar Maradun, jinyar kawunsa Sallau.

Malam ya dawo ya tarar da layin masu gaisuwa a ƙofar gida. Kowa sai ya gama tambayar gajiya da iyali da hanya, sannan ya sassauta murya ya ce, “Yaya mai jiki?” Malam ya dubi ƙofar cikin gida, ya gane inda aka dafa abin. Mutum ne da ba ya son doguwar magana, sai ya ce, “Da sauƙi.” Bai kuwa yi ƙarya ba, don Kawu Sallau a lokacin yana iya bin garmar shanu daga safe har azahar bai tsaya ba.

Daga nan ciwon ya kama zuwa duk shekara, kamar kaka. Unguwa ta saba. In tafiya ta matso, wannan ya kawo ƙwan zabi, wancan ya kawo zuma, wata tsohuwa ta aiko da jiƙo a kwalba. Malam ya rasa yadda zai mayar, sai ya riƙa ɗauka zuwa Sakkwato, akantocin jiha suna karya kumallo da ƙwan mara lafiya. Liman Yakubu, limamin masallacin unguwa, ba ya tashi daga sallar asuba sai ya sa Sallau na Faru a addu'a.

Ana nan, wata shekara Liman ya ga abin ya zama abin kunya. Maƙwabcinka yana jinya shekara da shekaru, ba ka taka ka je dubiya ba ko sau ɗaya? Ya tara dattawa suka yanke shawara, ba su gaya wa Malam ba, don kada ya ce sun wahalar da kansu.

Ranar tafiya Malam ya iso tasha da jakarsa. Motar Sakkwato na fuskantar yamma, ta kusa cika, kuma in ta tashi ba wata sai gobe, goben kuwa ita ce ranar buɗe kwas. Yana ɗaga ƙafa zai shiga sai ya ji an ce, “Malam Abdulhamid! Ba wagga ba ce, ga motar Maradun nan!”

Ya waiwaya. Liman ne da dattawan unguwa, sun sha manyan riguna, an tanadar masa wuri a gaba kusa da direba. Ɗaya na rungume da ƙwaryar fura.

Malam Abdulhamid ya ce wa Liman, “Allah shi gafarta Malam, ina za ku?”

“Inda za ka. Mun gaji da aike, yau da idonmu za mu ga Sallau.”

Malam ya tsaya, jaka a hannu. In ya bi su Faru, kujerarsa ta zama ta Falalu, kuma a ƙarshe su tarar da mara lafiya yana ɗaure shanu. In ya faɗi gaskiya, ya faɗe ta ne a tsakiyar tasha, gaban ’yan kamasho, waɗanda ba sa barin labari ya kwana. Yaron mota kuma sai dukan ƙofa yake, yana kiran Sakkwato saura mutum ɗaya.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, “Kawu Sallau lahiyatai lau. Bai taɓa kwantawa ba. Ni makaranta nika zuwa.”

Har mai tallan rake ya daina fere.

Liman ya ce, “Makaranta? Kai da munka ji an ce ka gama?”

“Na gama. Amma aikin namu kullum ana sake mai doka. In ban koma an ƙara mini ba, sai su ce hannuna ya tsufa.”

“To mi ne na ɓoyo? Ni ma duk bayan Sallah sai na tahi Bakura na durƙusa gaban malamina, mu sake bin littahin da na sauke tun ba ni da gemu.” Sai ya ɗaure fuska. “Ƙwan fa?”

“An ci.”

“Wa ya ci?”

“Akantoci.”

Liman ya jinjina kai, ya ce addu'ar dai ba ta faɗi ƙasa ba, tun da ga Sallau yana noma. Dattawa suka yi shawara a tsaye, suka ga ba a sa babbar riga a koma gida haka nan, suka wuce Faru abinsu. An ce Kawu Sallau ya shanye furar, yana mamakin kirkin mutanen Mafara. Malam kuwa ya shige motar Sakkwato, ya amsa sunansa da safe. Falalu ya ƙara shekaru a teburin gefe. Taibatu ta yi kwanaki ba ta leƙa gidan suna ba, daga baya ita ce ke shelar cewa Malam ya tafi ƙaro ilmi.

Kwanan baya na same shi a zaure da hantsi, ya duƙufa kan wani littafi mai kauri, kaka ta matso. Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe murya na ce, “Ranka shi daɗe, ɗalibin ɗalibai! Na rubuta tarihinka kaf, duniya za ta ji. Saura ka gaya mini ranar saukar wanga karatu, in gayyato makaɗa a yi walima.”

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Ba a sauke shi. Matsa, ka tare mini haske.”