Jakar Goyo Daga Kasuwar Mirriya

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, ni da ƙanena, da wani akwati mai nauyin buhun gero. Saƙo ne ya zo cewa gwaggonmu, wadda ta rene mu, tana kwance da gudawa a ƙauye gaba da Mirriya. Ni ma'aikacin jinya ne, don haka na loda magani, da tufafi, har da takalmin zuwa Juma'a.

A hanya babu abin kallo sai busassun gonaki da shanu masu haƙarƙari a waje. A tashar Mirriya aka ce mana babu amalanke, shanun ba sa iya ja. Tafiyar awa huɗu ce a ƙasa, cikin rairayi. Na dubi akwatin, ƙanena ya kau da kai.

Ranar kasuwa ce, sai na shiga neman jaka. Wani baduku ya nuna mini ta jar fata mai ado, amma igiyarta ɗaya, kafaɗa za ta ci. Ta biyu mai zif ce, na san yashi zai cije shi. Can wajen 'yan gwanjo na ga wata ƙarama ta tamfol mai maɗauri biyu da maɓalli. Na ja ɗinkin da ƙarfi, bai motsa ba.

"Malam, wannan ai ta 'yan lakwal ce, yaran makaranta," in ji mai kayan.

"Dala ɗari biyu," na ce.

Ya yi dariya ya sallama.

Na zuba magani, sukari, gishiri, garin kunu da gorar ruwa biyu. Akwatin muka bar wa wani ɗan'uwa mai shago. Na goya jakar, hannuwana a sake, muka kama hanya. Mun wuce rijiya biyu, duk sun ƙafe. Muka yi ta kurɓar ruwanmu kaɗan-kaɗan.

Da azahar muka isa. Gwaggo ko magana ba ta iya yi, idanunta sun faɗa. Na haɗa ruwan gishiri da sukari da gorar da muka rage, na dinga ba ta cokali-cokali. Kwana biyu muna haka. Ran na uku ta tashi zaune, ta ƙare mini kallo.

"Ɗan nan, da wannan rigar mai datti ka zo gaishe ni?"

Ƙanena ya fashe da kuka, ni da dariya.

Wani mai raƙumi ya yarda ya ɗauko ta zuwa Mirriya, mu muna biye a ƙasa. Jiya muka shigo gida, yanzu haka tana tsakar gida tana gyara wa matata dakan fura. Abin da na koyo shi ne, kafin ka ɗaura kaya ka tambayi wanda zai ɗauka. In kai ne, za ka san abin da ya zama dole.