Turmin Inna da Zabbin Malam

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga aikin Abuja ya dawo ya zauna mini a gida a Iku, sai ya ce kiwon zabbi zai yi. Mutumin da shekara talatin ko kaza bai taɓa kora ba!

Wani manomi a kasuwar Izom ya koya masa ciyar da 'yan tsakin da gara. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a jikin suri, kashegari a ɗauko ta cike da gara. Kwana uku Malam yana zuwa bayan gari da tukunya, a na huɗu ya ce gwiwarsa ta gaji.

"Me zai sa in riƙa bin gara daji? Ta zo ta same ni."

Ya kife tukunyar a gindin bangon ɗakin girki, inda turmina yake. Turmin Inna ne, mahaifiyata, shi kaɗai na ɗauko daga ɗakinta bayan ta rasu. Ban cika daka da shi ba, ina dai son in waiga in gan shi.

Na ce, "Malam, ba a gayyatar gara gida." Ya ce abin ilimi ne, ba zan gane ba.

Ta kuwa amsa gayyata, har da danginta. Zabbi goma sha biyu suka yi ɓul-ɓul, Malam yana nuna wa 'yan haya kamar shi ya ƙyanƙyashe su.

Wata Juma'a na zuba doya a turmin zan yi sakwara. Bugu ɗaya taɓarya ta wuce har ƙasa. Ɓawo kawai ya rage, ciki duk ƙasa ce da gara. Maƙwabciyata 'yar kudu ta leƙo ta ce, "Madam, sun cinye shi finish!" Na zauna daɓas na yi kukan da ko ranar rasuwar ban yi irinsa ba.

Da la'asar Malam ya yanka zabon da ya fi ƙiba, ya fige da kansa, ya sa aka soya, ya ajiye a gabana yana jiran in ture. Na jawo kwanon.

Na ce, "Turmin Inna yana cikin gara, gara tana cikin wannan. Kayana ne."

Na cinye tas, ko wuya ban ba shi ba. Sauran goma sha ɗayan ma haka na bi su, Juma'a-Juma'a, sai da na gama karɓar gadona.