Taku Sittin Daga Gindin Gawo

Ni tela ne a Zango, amma duk wanda ya san ni ya san da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, keken ɗinki ya shiga hutu. Sai in rufe shago in hau motar Mirriya, daga can ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyenmu ta wajen Hamdara. Masu kaya su yi ta kirana a salula suna zagi, ni kuwa ina gona.

Gonar ta mahaifinmu ce, Allah ya ji ƙansa. Maƙwabcina ta gabas taubashina ne, ɗan gwaggona, gajeren mutum mai bakin tsiya. Asalin gonarsa yanki ce ta tamu. Da aka aurar da gwaggo, mahaifinmu ya tsaya a gindin babban gawon da ke tsakiyar gona, ya fuskanci gabas, ya yi taku sittin, ya ce wa mijinta daga nan zuwa gaba naku ne. Aka dasa ciyawar gamba a jere ta zama iyaka. Ba takarda, ba metir na awo. Amma ko yaron goye a garinmu ya san maganar: taku sittin daga gawo.

Gamba ta yi shekaru tana aikinta ba wanda ya kula ta. Sai wata damina ruwan kwari ya ɓalle ya kwashe ta kakaf, ya bar mana baƙar laka shimfiɗe a wurin. To mu da muka saba da jigawa, inda gero ke fitowa da ƙyar, ka san abin da baƙar laka take nufi. Dawa ce za ta yi kai a nan har ta sunkuya. Wurin da da ko akuya ba ta tsayawa, yanzu kowa ya tuna na ubansa ne.

Da bazara muka haɗu a gindin gawo don mu sake awo. Ni na fara. Allah ya ba ni ƙafa, kuma ranar ban yi rowarta ba. Sittin ɗina ta haye lakar gaba ɗaya, na ajiye dutse.

"Kai dogo, ka ji tsoron Allah!" in ji taubashina. "Wannan taku ne ko tsallaken rijiya?"

Shi ma ya zo ya yi nasa, ƙit-ƙit-ƙit, kamar mai tsoron taka ƙaya. Sittin ɗinsa ta ƙare tun kafin a shiga laka, ya ajiye nasa dutsen.

Na ce, "Gajere, da haka kawunka yake tafiya, da har yau bai iso gida daga gona ba."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Washegari na tarar an ɗauke dutsena. Da aka sake kwana shi ma ya nemi nasa ya rasa, kuma ba zan ce ban san inda ya shiga ba. Kwana tara muka yi ba gaisuwa. Wallahi abin ya ci mini rai, domin mutumin nan tare aka yi mana kaciya. Sai dai laka laka ce, ga shuka ta matso.

Muka dangana da ƙofar mai gari. Ya saurare mu yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce ai maganar mai sauƙi ce: ba takuna aka ce ba, ba na gajere ba, takun marigayi aka ce. Na yi caraf na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na gado shi. Mahaifina ƙato ne. In ya ɗora ni a wuya har rumbunan garin gaba nake hangowa." Wani dattijo ya ce shi dai bai tuna shi da wani tsawo ba. Wani ya ce dogo ne, amma in ya sa rawani. Wani matashi ya ce a kira ma'aikatan komin, wato ƙaramar hukuma, su zo da metir. Mai gari ya ce, "Su auna me? Ƙafar wanda ke kabari?"

Sai ya tambaya, "Wa ke bin bayansa in yana shuka?"

Kowa ya san amsa. A wajenmu namiji ke gaba da sungumi, kowane taku sara ɗaya, rami ɗaya. Mai bin baya na riƙe da ƙwaryar iri, ta jefa, ta rufe da diddige, ta taka zuwa rami na gaba. Ba ta da zaɓi, inda ya sara nan za ta sa ƙafa. Innarmu ta yi damina fiye da talatin tana bin ramukan mahaifinmu.

Na fito daga zauren nan ina murna a ɓoye. Uwata ce fa! Na tafi Mirriya ranar kasuwa na zaɓo mata goro fari manya, na haɗa da sabon zane. Na zauna kusa da ita ina ta kewaye-kewaye, ina cewa Inna, kin tuna yadda Baba yake da saurin tafiya, ga buɗa ƙafa? Ta karɓi goro ta sa albarka, ta juya zanen ta yaba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Sai an yi ruwa. Ban san ƙafarsa a busasshiyar ƙasa ba."

Ruwa ya sauka wata Alhamis da la'asar, ruwan shuka sosai. Da hantsin Juma'a rabin gari na gindin gawo, mutane sun bar nasu gonakin sun zo kallo. Inna ta iso a amalanke. Ta tsufa, baya ya ɗan rankwafa, ba ta zuwa ko'ina sai da sanda. Na ga taubashina yana murmushi, na gane lissafinsa: tsohuwa mai sanda ina za ta kai? Ni kuma ina lissafin gorona.

Ta cire takalmi. Ta miƙa wa wata jikarta sandar, ta ce a ba ta ƙwarya da iri, domin in hannu ba ya aiki ƙafa ba za ta tuna ba. Liman ya fito da carbi zai riƙe ƙidaya. Ta jingina bayanta da gawo, ta yi bisimilla, ta taka.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Matar da ke jan ƙafa daga ɗaki zuwa madafa, sai ga ta tana tafiya daram, jefa, rufe, taka, jefa, rufe, taka, kanta a sunkuye tana kallon ƙasa kamar ramukan na nan a gabanta. Ba ta yi sauri ba, ba ta tsaya ba. Wurin ya yi tsit, sai muryar liman. A talatin na fara jin zufa. A arba'in na daina kallon laka. Takun nan gajere ne, daidai wa daida, kowane kamar ɗan'uwansa.

"Sittin," in ji liman.

Ta tsaya cak. Ba ta kai laka ba. Kai, ko inda gajere ya ajiye dutsensa ba ta kai ba, saura taku biyu. Ashe duk rigimar nan shi ma cutar kansa yake yi.

Gari ya fashe da dariya. Taubashina ya faɗi zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana riƙe ciki, yana cewa, "Ƙato! Mai hango rumbunan garin gaba!" Har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni kuwa kunya da haushi suka taru suka rufe ni. Na matsa kusa da ita na rage murya.

"Haba Inna. Ni ne fa ɗanki."

Ta ɗago ta dube ni. "Na sani. Goronka ma ya yi daɗi. Amma ubanku bai ci ƙasar kowa ba yana raye, ba zan ƙara masa ƙafa yana kwance ba."

Mai gari ya sa aka kawo saiwar gamba aka dasa a sawun diddigenta na ƙarshe. Taubashina ya tashi ya karkaɗe wando, ya miƙo mini hannu, ya ce in dawa ta nuna zai aiko mini dami ɗaya in riƙa tunawa da tsawon kawu. Na ce Allah ya sa tsuntsaye su riga shi. Muka tafa.

Mutane suka fara watsewa, kowa na sauri ya kama tasa shukar kafin ƙasa ta sha iska. Jikar ta kawo wa Inna sanda, ta ture ta. Akwai sauran iri a ƙwarya. Ba wanda ya ce ta yi, sai ta matsa gefe taku ɗaya, ta juya ta fuskanci gawo, ta tsaya tana jira, idonta a ƙasa.

Na ɗauki sungumi na shiga gabanta. Na yi sara ɗaya, biyu, uku.

Daga bayana na ji ta ce, "Rage ƙafa."

Na rage.