Ƙarfen da Muryar Baba Ke Ciki

Na'urar baƙa ce, shimfiɗaɗɗiya, tana ƙarƙashin talabijin a ɗakin baƙi. Yayana ya kawo ta daga birnin Madani, inda yake aiki a wani shagon magani. Aikinta ta kama abin da dish ya sauko da shi ta ajiye, a sake kallo duk lokacin da aka so. Ya saye ta ne don ƙwallo. Ni kuwa na ajiye Baba a ciki.

Wata kaka, lokacin tsinkar auduga, masu talabijin na jiha suka shigo hawasharmu, gonar da Baba ya gada a bakin tur'a, magudanar ruwan noma. Suka tambaye shi batun ƙarancin ruwa. Ya amsa da Larabcinsa mai nauyi, yana gyara rawani. Ana cikin haka akuya ta faɗa cikin audugar. Baba ya manta da kyamara, ya juya ya ɗaga murya da Hausa: "Ke, uwar yara! Akuya ta shiga!" Ba su yanke wurin ba. Ranar da aka maimaita shirin ina gida hutun jami'a, na danna maɓallin ajiya. Damina ta gaba zazzaɓi ya tafi da Baba.

Tun daga nan, duk Juma'a bayan la'asar, Inna takan shigo ɗakin baƙi ta zauna a bakin gado, in kunna mata. Idan Baba ya juya ya kira, sai ta ce, "Na gani, Malam." Haka kawai. Sannan ta tashi ta koma wajen kisirarta, siririyar wainar dawa da take toyawa.

Yaya ya tsani wurin nan na akuya. Abokansa a Madani sun ga shirin. In ya shiga kasuwa sai wani ya kwaikwayi muryar, ya karya kalmomin, sauran su kwashe da dariya. Shi da ya ɓata shekaru yana goge harshensa har ba mai gane inda ya fito, ubansa ya tone shi da akuya guda.

Wata ranar Alhamis ya iso da wani mai gyara daga kasuwar Hajj Abdalla, da ƙaramin kwali a hannu. Ya ce cikin na'urar ya cika, wasa ba ya shiga sai an share wani. Ya sayo babban hardis, wato rumbun da na'urar ke zuba abin da ta kama. Za a cire tsohon a sa sabo.

Na tambayi mai gyaran ko abin da ke cikin tsohon zai bi shi zuwa sabon. Ya ce a'a, irin wannan na'ura ba ta yarda a kwashe mata kaya, sabon zai shiga fanko.

"To Baba fa?" na ce wa Yaya.

Ya amsa da Larabci, don baƙon ya ji. "Baba yana maƙabarta. Allah Ya jiƙansa."

Na amsa da Hausa, ni ma don baƙon ya ji. "Yana cikin nan ma."

"Kin fara waƙoƙin naki? Wannan ƙarfe ne, ba kabari ba."

"Ƙarfen ne kake jin kunya, ko wanda ke ciki?"

Ya dube ni kamar ya ga kunama a takalminsa. "Da wa kike magana haka?"

"Da kai, Yaya. Akwai wani yayan?"

"Na'urar wa ce? Ke kika saye ta? An kai ki jami'a kin dawo kina bautar akwati. Duk Juma'a ki zaunar da tsohuwa tana amsa wa gilashi. Wannan jinƙai ne a wurinki?"

"Ta taɓa kawo maka ƙara?"

Yaya ya juya ga na'urar. Ya yi wa mai gyaran alama da haɓa. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya fara kwance sukurori yana jera su a faranti. Na tsaya ina kallon cikin na'urar a buɗe, ƙura ta kwanta a kan wayoyinta kamar garin dawa. Tsohon hardis ya fito, bai wuce tafin hannuna ba. Na yi mamakin yadda hawasha guda, da rana, da akuya, da mutum mai rawani suka shige abu kamar wannan.

Sabon ya shiga. Na'urar ta yi tambaya a fuskar talabijin, Yaya ya danna, ta yi 'yar ƙara, ta nuna fili fayau. Ya yi murmushi irin na wanda ya share tsakar gida.

Sai na ga mai gyaran ya ɗauki tsohon zai jefa a jakarsa.

"Ina za ka kai shi?"

Ya ce Yaya ya bar masa. Zai goge shi ya sa wa wani.

Ni ba mai faɗa ba ce. A makaranta, in an ɗaga murya, taga nake kallo. Amma ranar hannuna ya riga ni. Na fizge ƙarfen, gefensa ya yanke ni a yatsa, na tura shi cikin tobina, lafayar da na yafa, na riƙe a ƙirji.

"Ba shi kayansa," in ji Yaya.

"Zo ka karɓa."

Ya taso. Na ja baya har bangon ya taɓa ni. Ba zai sa hannu a tobin ƙanwarsa a gaban baƙo ba, mu duka mun san haka. Ya tsaya yana huci, ya kira ni mahaukaciya, ya kira ni baƙauya da Larabci. Na ce, "'Yar mai akuya ce, kamar kai."

Inna na bakin ƙofa, hannunta da ƙullu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta juya ta tafi.

Da mai gyaran zai fita, ya rage murya ya gargaɗe ni. In an mayar da tsohon, wataƙila na'urar ta gane shi, wataƙila kuma ta ɗauke shi baƙo ta nemi gogewa. Shi ba zai rantse ba.

Washegari Juma'a. Bayan la'asar ɗakin baƙi ya cika da abokan Yaya da ihun ƙwallo. Na sami Inna a rumfa tana tsince wake. Na zauna kusa da ita, na ɗora mata ƙarfen a cinya. Ta juya shi, ta shafa, ta kai shi kunne kamar rediyo.

"Ba ya magana?"

"Sai an mayar da shi, Inna. Kuma in an mayar, yana iya gogewa."

Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta kwance gefen zanenta ta naɗe shi. "A bar shi ya huta," ta ce.

Yana cikin akwatinta har yau, tsakanin turare da rawanin Baba. Ba mu taɓa gwadawa ba. Yaya yakan zo gida da sallah, in gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci. Sabon rumbun da ya sa wa na'urar ma ya cika tuni.